Tun Wurin Kasawa Ake Cin Dara

A Gummi, gefen hanyar da ta nufi kasuwa, akwai wani shagon cajin waya mai faifan sola biyu a kan rufi. Mai shagon magidanci ne matashi, ƙannensa na kiransa Yaya. Ƙaraminsu, wanda kowa ke ce wa Auta, ya gama sakandare yana jiran sakamako, don haka shi ke tsaron shagon daga hantsi zuwa la'asar. A ƙarƙashin teburin da ake jera wayoyi akwai wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da Yaya ya sayo ta hannu a Sakkwato, aka kuwa tarar da wani wasa a cikinta mai suna Civilization V.

Ba irin wasannin gudu da harbi ba ne da yara ke dannawa a waya. Sid Meier ne ya ƙirƙiro na farkonsa a Amurka a 1991, wannan na biyar ɗin kuma ya fito a 2010. Za a ba mutum 'yan jama'a kaɗan a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, da ƙasa wadda duhu ya lulluɓe, a ce ya kafa gari, ya yi noma, ya nemi ilimi, ya ƙulla ciniki, ya tsare kansa, har zuwa shekara ta 2050. Bi da bi ake yi. Ka taka naka, sauran sarakunan da kwamfuta ke riƙe da su su taka nasu, sannan ya dawo kanka. A tsarin da aka saba taku 500 ne, kuma babu mai gaggauta ka. Duk wanda aka ci a wannan wasa, ba saurin hannu ya rasa ba, lissafi ya rasa.

Auta kullum Songhai yake ɗauka, daular Askiya mai birnin Gawo, don ita ce ta fi kusa da gida. Ai Askiyan nan ne Kanta na Kabi ya ɓalle daga hannunsa wajen 1516. A cikin wasan an ba Askiya wata baiwa: duk sansanin 'yan fashin daji da ya tarwatsa, zinaren da zai samu ya ninka na kowa sau uku. Wannan baiwa ita ta ruɗi yaron. Da an fara sai ya bazama farautar sansanoni, kuɗi su taru, ya yi ta tura masu kafa gari gabas da yamma, duk inda ya hango fili ya dasa tuta. Kafin a je ko'ina taswira ta cika da launinsa, yana kallo yana jin daɗi. Daga nan abubuwa su fara taɓarɓarewa. Alamar jin daɗin talakawa ta koma ja, garuruwa su daina girma, baitulmali ya riƙa zurarewa wajen biyan dakaru da gyaran hanyoyi. Maƙwabci ya leƙo ya ga gari goma babu ganuwa ko ɗaya, ya ɗaura yaƙi. Da Auta ya ga an kewaye Gawo sai ya danna wurin komawa baya, ya ɗauko wasan daga inda ya ajiye shi taku talatin da suka wuce, ya sake. Haka yake yi kusan kullum.

Tsallaken hanya, a inuwar dalbejiya, tsofaffi ke zaman dara bayan azahar. Cikinsu har da kakan su Auta na wajen uba, mutumin ƙasar Anka, wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensa ya dawo Gummi da iyalinsa, suna noman haya a fadamar Gulbin Zamfara. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, jeri biyar sau shida. Wannan ya riƙi tsakuwa 12, wancan ƙirare 12. Da farko kasawa ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin kasawa ba. Sai an gama sannan a fara taku, gurbi ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Kaka ba ya yawan magana a wurin, amma ba kasafai ake cinsa ba.

Ran nan ya kawo 'yar wayarsa caji, ya tarar da jikansa ya haɗa gumi yana kallon allo. Ya ja benci ya zauna. Ya daɗe bai ce komai ba, har yaron ya danna komawa baya a gabansa. Tsohon ya dube shi, ya dubi allon, ya yi shiru da wannan. Abin da ya tambaya daban ne.

"Abokina, waɗanga ɗigo-ɗigon duk garuruwanka ne?"

"Duk nawa ne, Kaka. Na fi kowa faɗin ƙasa."

"To, madalla. Mi suka ci?"

Auta ya yi dariya, ya ce ai wasa ne. Tsohon ya ce ya ji, amma wasan ba shi da abinci a ciki? Yaron ya ce akwai, ya buɗe wani gari da ya kafa a tsakiyar hamada ya nuna masa. Abincin da garin ke nomawa da ƙyar yake riƙe mutanen da ke ciki. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku yunwa ma ta fara cinsa.

"Wa ka tsaronsu?"

Dakarun duk suna can nesa suna bin 'yan fashi.

"Wancan mai jan launi da ke ƙofarka fa, wa yab ba shi wurin zama?"

Auta ya ce abokinsa ne, sun ƙulla amana tun farkon wasa, har ya ba shi izinin ratsa ƙasarsa. Kaka ya gyaɗa kai ya ce, "An cinye ka tun wurin kasawa, kai kana jiran ranar yaƙi." Ya karɓi wayarsa ya koma inuwa.

Washegari yaron da kansa ya tsallaka ya kira shi. Suka fara sabon wasa, tsoho na tambaya, yaro na amsawa da abin da ya sani na dokokin wasan. Kaka ko harafin boko ɗaya bai iya ba, kuma bai taɓa koya wa jikansa wata dabarar kwamfuta ba. Duk abin da ake bukata yana cikin kan yaron tun tuni. Ya san garin da ke bakin kogi gonakinsa sun fi albarka. Ya san wanda ke kan tudu ya fi wuyar ci. Ya san duk lokacin da gari ke haɗa masu kafa sabon gari, girmansa tsayawa yake yi cak, kuma kowane sabon gari yana rage jin daɗin ƙasa baki ɗaya, yana ƙara tsadar ilimin da ake nema. Sani ne da bai taɓa ɗora shi a kan sikeli ba, saboda idonsa na kan faɗin launi a taswira. A ganina yawancin masu faɗuwa a wannan wasa haka suke: ba jahilcin doka ke kayar da su ba, kwaɗayin ganin ƙasa ta yi faɗi ne.

Suka tura mai kewaya ya dubo abin da ke kewaye da su kafin su yanke shawarar komai. Suka fitar da ma'aikaci ya gyara gonaki, suka gina rumbu. Gari huɗu kacal suka kafa, kusa da juna yadda dakaru za su iya kai ɗauki cikin taku kaɗan, kowanne a inda akwai ruwa da wani abin marmari da ke faranta ran talakawa. Da yaron ya ce gishiri na cikin mafi daraja a wasan, tsohon ya ce wanda ya tsara abin ya san duniya, don ya ga ayarin Buzaye da idonsa suna sauke gishirin Bilma suna ɗaukar gero. Abin marmarin da suke da shi biyu, suka sayar da ɗaya ga wani sarki na nesa. Kowane gari aka yi masa ɗakin karatu, kuma da yake garuruwan ba su da yawa, sharaɗin gina babbar makarantar ƙasa ya cika da wuri, ilimi ya fara gudu. A kowane gari aka ajiye ɗan baka, don shi daga nesa yake harbi ba a rama masa. Auta ya so ya gina dalar Masar don kada wani ya riga shi. Kaka ya tambayi taku nawa za ta ci, da ya ji adadin ya ce a yi ganuwa tukuna.

Ana cikin haka sai ga saƙon maƙwabci: yana neman abota, yana neman izinin ratsa ƙasa. Ga kuma masu kafa garinsa sun doso wani fili mai kyau da ke tsakanin Gawo da gari na biyu. Auta ya kai hannu zai amince. Tsohon ya ce ya dakata, ya tambaye shi ko a makaranta an gaya musu dalilin da ya sa Sarkin Zamfara ke zaune a Anka.

Yaron bai sani ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Yara da yawa a jihar da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996 sun ɗauka sunan Zamfara daga Gusau ya faro. Alhali daula ce tsohuwa, wadda masu riƙe da tarihinta ke cewa ta faro daga Dutsi, a yankin Zurmi, kafin ta kafa Birnin Zamfara kusa da inda Isa take a yau. A farkon ƙarni na 18 tana kan ganiyarta. Tana cikin waɗanda suka karya ƙarfin Kabi har aka bar Surame. Ga ƙasar noma, ga gulabe, ga kiwo. Su kuwa Gobirawa a lokacin matsin Abzinawa ya turo su kudu, suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Kaɗan-kaɗan suka riƙa shigowa, manoma da mayaƙa, Zamfara na karɓarsu don tana ganin ta sami ƙarin hannu. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, Sarkin Gobir Babari ya ba Sarkin Zamfara Maroƙi 'yar'uwarsa aure, aka bar shi ya sauka a gonar alƙalin Zamfara a bakin Gulbin Rima, wurin da ya zama Alƙalawa. Baƙo ya yi bukka, bukka ta zama gida, gida ya zama gari mai ganuwa. A farkon shekarun 1760 Babari ya auka wa Birnin Zamfara ya rushe shi. Maroƙi ya fice zuwa Kiyawa. Daga ranar sarautar Zamfara ta shiga yawo daga wannan gari zuwa wancan, shekaru masu yawa, sai bayan jihadi ta sami mazauni a Anka. Ƙasar da take dunƙule ta rarrabu, kowane yanki da nasa mai faɗa a ji, Gummi da Sarkin Mafaranta, Bukkuyum da Sarkin Dankonta.

"Ba ranar da Babari yah hau doki anka ci Birnin Zamfara ba," in ji Kaka. "Ranar da anka ce mai ga gona, sauka, rannan anka ci shi. Baƙunta ba laifi ba ce, abokina, addini ma ya yi umurni da ita. Amma mai gida shina sanin wa yas sauka, da mi yaz zo, kuma ina ƙarfinai zai kai nan da shekara ashirin."

Auta bai yanke hulɗa da maƙwabcin ba. Ya karɓi abotar, ya tura masa ayarin ciniki, amma ya hana izinin ratsa ƙasa, ya ɗebi zinare ya sayi filayen da ke tsakanin garuruwansa, ya tsayar da dakaru biyu a mashigar dutse. Masu kafa garin suka yi ta kewaye, suka juya.

Wannan karon da aka kai tsakiyar wasa ƙasarsa ba ta kai rabin ta dā faɗi ba, amma kowane gari ya cika ya batse, baitulmali na ƙaruwa, kuma ya wuce kowa a ilimi. Maƙwabcin ya gwada kawo hari sau ɗaya, 'yan baka daga bayan ganuwa suka karkashe rundunarsa tun kafin ta taɓa ƙofa. Yaron ya buga tebur don murna har wayoyin mutane suka yi tsalle.

A nan ne ƙarfi ya fara yi masa raɗa. Rundunar maƙwabci ta ƙare, ga mahayan Songhai a hannunsa, ga birnin abokin gaba a buɗe. Kwana biyu Kaka bai leƙo ba, yana fama da ciwon ƙafa. Da ya dawo ya tarar jikansa ya ci babban birnin maƙwabcin da wasu garuruwa uku, ya haɗe su duka cikin ƙasarsa. Taswira ta sake cika da launinsa, alamar jin daɗi kuma ta sake komawa ja, fiye ma da dā. Garuruwan da aka ci da yaƙi suna ta bore, ba sa noma, ba sa biyan komai. 'Yan tawaye sun ɓullo a bayan Gawo suna ƙona gonaki. Sauran sarakuna, har wanda yake saye masa kaya, sun yi tir da shi sun ce mai son yaƙi ne.

Tsohon ya ce, "Jiya kai ne Maroƙi, yau ka zama Babari. To, ka san abin da yas sami Alƙalawa?"

Birnin da aka gina a gonar alƙalin Zamfara bai cika shekara hamsin yana mulkin yankin ba. Gobir ta ci Zamfara da takobi amma ba ta taɓa cin zuciyarta ba. Bawa Jan Gwarzo, ɗan Babari, da duk kwarjininsa, sai da ya riƙa fita yaƙi yana danne tawayen Zamfarawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a wajejen ƙarshen shekarun 1780, ya sami masu saurare da yawa. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto, aka sha wuya a Tsuntsuwa, abinci ya yanke wa Jama'ar Shehu, Zamfara suka nufa, suka sauka a Sabon Gari a 1805, kuma tsohuwar ƙiyayyar Gobir na cikin abin da ya buɗe musu ƙofa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Masana tarihi sun kuma rubuta cewa ko wannan zumunci na Zamfarawa da Jama'a sai da ya yi tsami, saboda shekarar yunwa ce, runduna mai yawa ta sauka a kan rumbunan talakawa. Duk inda aka bi aka zagayo, maganar dai ta koma kan hatsi.

Auta ya ja dogon numfashi. Ya ce ba komai, yana da wasan da ya ajiye kafin ya fara yaƙin, bari ya koma can. Ya kai yatsa. Kaka ya riƙe masa hannu, riƙon da yaron bai taɓa jin irinsa daga wurinsa ba.

"A dara in ka ɗaga ɗa ka aje, ya zauna. Bar shi nan."

Sai ya nuna wani gari a allon, wanda lambar da ke jikin sunansa ta sauka daga 8 zuwa 7 a takun da ya wuce. Ya tambayi ma'anarta. Yaron ya ce yunwa ce ta rage mutum ɗaya, zai dawo in abinci ya samu.

"Wancan ɗaya da yar ragu, ɗiyan wa ne?"

Auta bai sami amsa ba. Wannan ita ce makantar irin waɗannan wasanni, duk da amfaninsu. Suna koya wa mutum auna yau da gobe, suna koya masa haƙuri da tanadi, amma mutane a cikinsu lamba ce, lamba kuwa ba ta da uwa. Tsohon ya saki hannun, ya gyara zama, ya faɗi abin da ba a cika faɗa a gidansu ba.

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, har ya haura dala 1,000 a kan oza ɗaya ya zauna a can. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka daɗe da sanin akwai zinare a ƙasa, suka ga abin da mutum zai samu a rami cikin mako ya fi abin da gona za ta ba shi a wata da watanni. Maza suka riƙa haƙo duwatsu suna kawowa gida a buhu. A tsakar gida ake farfasa su, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya. Ba wanda ya san duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna, ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta shiga abinci. Yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, ana ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura mace-macen sun wuce ƙima, aka auna jini, gaskiya ta fito. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan kamar ba a yi ba ne. Bagega sai a 2013 aka share ta, bayan dogon jiran kuɗin aikin.

Ƙauyen su Kaka na cikin waɗanda abin ya shafa. A lokacin Auta na da shekara huɗu, ya sha magungunan nan har ya warke. Yana da ƙanwa mai rarrafe.

"Ba kai ne auta ba, ka sani. Amma ba a gaya maka wa yab buɗe ƙofa ba. Mahaifinku, Allah shi jiƙanai, yaz zo yac ce mani duwatsun ba su da tsaro a daji, ɓarayi na ɗiba, a bari a kawo su gida. Ni ne mai gida. Na duba kuɗin da ka shigowa, nic ce a kawo. Ban tambayi mi ke cikinsu ba. Waccan shekarar ko rabin gonata ban nome ba, don ina ganin mai zinare ba shi rasa hatsi. Allah ya ƙaddara, kwananta ya ƙare, wannan na yarda da shi. Amma izinin nawa ne. In akwai wurin da aka dannawa a koma baya, da na riga ka sanin shi."

Yaron ya sunkuyar da kai. Wani ya zo karɓar waya, ya tashi ya ba shi, ya karɓi kuɗin caji, ya dawo ya zauna. Bai koma baya ba. Ya nemi sulhu, ya mayar wa maƙwabcin garuruwa biyu, ya gina kotu a babban birnin da ya ci don hankalin mutanensa ya kwanta, ya sallami rabin mahayan don baitulmali ya huta, ya dawo da sauran suka kori 'yan tawaye. Gyaran ya ci masa taku masu yawa, wata daula ta nesa ta wuce shi a ilimi, kuma da aka kai ƙarshen wasan shi ne na biyu. Shi ne wasa na farko da ya taɓa kaiwa ƙarshe.

Da aka yi girbi aka kai gero da dawa rumbu, wani abokin Yaya ya zo daga wajen Bukkuyum da magana. An sami sabon rami mai kyau, ana neman wanda zai sa kuɗin injin niƙa a raba riba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda 'yan bindiga, amma kowa ya san ramuka ba su taɓa zama babu kowa ba. Yaya ba mutumin banza ba ne. Nauyin gida ne a kansa, ga kuɗin hayar gona, ga karatun Auta na tafe. Lissafinsa shi ne a sayar da rabin hatsin da faifan sola ɗaya, kafin bazara kuɗin sun dawo ninki, a sayi hatsin da ya fi wanda aka sayar. Da dare bayan isha'i ya kawo maganar gaban Kaka, Inna na jin su daga bakin ƙofa. Tsohon ya yi shiru yana jan carbi. Auta ne ya nemi izinin magana.

"Yaya, ka yi haƙuri, tambaya ce da ni. In an sayar da rabi, wanda ya rage zai kai mu wane wata?"

Yaya ya ce zai kai.

"Mu ƙirga mu gani. Sannan wa ke tsaron ramin, wa ake biya kafin a shiga? Injin kuma a ina za a kafa shi, duwatsun a ina za su kwana?"

Ran Yaya ya ɗan ɓaci. Ya ce yaushe Auta ya fara yi masa tambayar alƙali. Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Amsa mai ta ƙarshen dai, ni ita nika son ji." Yaya ya buɗe baki ya rufe. Abokin nasa ya riga ya ce masa dajin ba wurin barin kaya ba ne, akwai fili a bayan gidansu na Gummi.

Da safe su biyu suka buɗe rumbu. Auta na ciki yana ƙirga damma yana faɗa, Yaya na waje yana rubutawa a bayan kwalin waya. Suka lissafa bakunan gidan, har da jaririn da matar Yaya ke goyo wanda zai fara cin tuwo kafin damina, da mudun da ake aunawa kowace rana, suka ware iri da zakka. Idan ba a taɓa komai ba, hatsin zai kai su sabon gero da ɗan rara. Idan aka sayar da rabi, zai ƙare ana tsakiyar noman farko, lokacin da mudu ya fi tsada a kasuwa kuma ba mai ba da rance.

Yaya ya sake bin lissafin daga sama har ƙasa, bai sami kuskure ba. Ya ce wa ƙanensa ya fito ya rufe rumbun da kyau. Sannan ya ciro waya ya kira abokinsa, suka gaisa, ya ce masa ya nemi wani, shi ba ya ciki, kuma ko wa aka samu kada a kawo dutse ko ɗaya unguwarsu. Ya kashe wayar, ya miƙa wa Auta makullin shago, ya ce ya yi sauri masu caji na jira, shi zai bi ta wurin mai fadama ya biya hayar baɗi tun kafin wani ya riga su.